Igiyar da Sadisu ya ce a ɗaura wa kunama

Shekara biyar ke nan da bindiga ta fashe a hannun abokina Sadisu. Da ba don wayar da ƙanensa Habibu ya yi mini a makon jiya ba, da wannan shekarar ma ta wuce da addu'a kawai. Na yi wa yaron magana har muryata ta dushe, bai ji ba. Shi ya sa na zo jarida, don na san ana karanta wa dattawan garinsu.

Ni da Sadisu ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Abu Hail, nan Dubai. Ni ina aiki a kantin magani, shi injiniya ne a wani kamfani da ke gwada agogunan auna matsin gas a cikin bututu. Aikinsa ke nan kullum: a kawo masa abin awo, ya gano ko ƙarya yake yi. Ko sikelin mai kayan yaji a kasuwar Al Ras bai tsira ba. Sai ya tsaya yana hararar sa, ni ina jan rigarsa ina cewa, "Yalla, mu tafi, malam, citta muka zo saye!"

Gidansu gidan maharba ne. Harsashi ya yi tsada, don haka sukan tara kwanson da aka harba su sake ɗura masa albarushi. Yadda suke gane ko ɗurin ya yi yawa shi ne su harba, sannan su duba gindin kwanson, in ya kumbura su rage. Wannan abu ya hana Sadisu sukuni, domin a ganinsa kafin kwanso ya nuna alama, ƙarfen bindiga ya riga ya sha wahalar da ido ba ya gani. Sai ya sayi wata manhaja da ake cewa tana faɗin irin matsin da zai taru a cikin bindiga kafin a harba. Ya daɗe yana fama da ita, yana murna zai kai wa 'yan'uwansa mafita.

Wata Juma'a bayan mun ci abinci ya rufe kwamfutar, ya ture ta gefe. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Wannan ba awo take yi ba, kintace take yi." Ya yi mini bayani: manhajar tana tambayar sunan albarushin, nasu kuwa a leda yake zuwa ba suna, wani lokacin ma gauraye. Tana ɗauka bindigar ta fito daga masana'anta, tasu kuwa ta sha gyaran maƙera tun zamanin kakansu. Duk da haka sai ta fitar maka da lamba tsaf, har da ɗigo. Abin da ya tsorata shi ke nan. Ya ce mutum yana shakkar idonsa, amma ba ya shakkar lambar da ta fito a allo. Da zai tafi hutu gida, a ɗakinmu ya bar ta.

Abin da ya kai musu shawara ce ɗaya. Duk sabon ɗuri, a ɗaure bindigar a jikin itace, a ɗaura wa kunamar bindigar doguwar igiya, a laɓe bayan katanga a ja. Suka yi masa dariya har da riƙe ciki. A al'adarsu, wanda ya ɗura shi ke fara harbawa da kafaɗarsa, mai jan igiya kuwa ba a kiran sa maharbi. A ranar, Habibu ne ya yi ɗurin, ya kuma rantse ba zai ci wannan kunyar a gaban abokan babansu ba. Sadisu ya karɓe bindigar daga hannunsa, ya ce shi ne babba. Yana harbawa ta fashe. Bai kai asibiti da rai ba.

Yanzu ɓarayin shanu sun addabi yankinsu, kuma Habibu ne ke ɗura wa matasan da ke gadin gari. A wayar nan ya ce da ni, "Yaya, ka aiko mini da kwamfutar marigayi ta kago, jirgin kaya. Da ya zo da ita a lokacin, da yana nan da ransa." Wallahi sai da na zauna a bakin titin Al Rigga. Ashe shekara biyar yaron nan yana zaton abin da ya kashe yayansa rashin kwamfuta ne! Na ce masa marigayin da kansa ya ce ƙarya take yi. Ya ce ai ni mai sayar da magani ne, me na sani a kan bindiga. Gaskiyarsa, ban sani ba. Amma ina zaune a ɗakin ranar da wanda ya sani ya rufe ta.

Na yi ta tunanin me Sadisu zai ce da ya ga yau. Ba zai ce su bar garinsu ba tsaro ba, ya san halin da ake ciki. Na tabbata zai ji tsoro fiye da da, don yanzu ɗurin mutum ɗaya yana shiga bindigar samari da yawa, kowannensu da uwarsa. Ni ma tsoron nake ji, kuma ina jin haushi. Haushin dattawan da suka yi dariya nake ji, domin har yau ba wanda ya fito a cikinsu ya ce Sadisu ya faɗi gaskiya.

Sadisu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne ƙanen da ya saya da ransa, da shawarar da ba ta kai kuɗin shayi ba. Idan Habibu ya tafi ta hanyar da yayansa ya tare masa, to ba abin da ya rage.

Baba Sarkin Baka, shugaban maharba, da kai nake. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta cire wa igiya kunya. Habibu, na kai saƙonka kago jiya, amma ba kwamfuta a ciki. Igiya ce, doguwa, na zaɓi mai ƙwari. Don Allah ka ɗaura ta, ka bar su su yi dariya. Mahaifiyarku ta riga ta ji ƙarar nan sau ɗaya.