Ƙwaryar Jegon Gidanmu a Otal ɗin Tsibiri

Ni na jawo, gara in faɗa tun da wuri. Shekarar da wani tsohon babban ma'aikaci ya gina otal a kan ɗan tsibiri cikin kogi, can wajen Ringim, ma'aikatansa sun yi ta bin gidaje a Dutse suna neman tsofaffin kaya. Wai otal ne kuma gidan adana kayan fasaha, mutum ya kwana a tsakiyar zane-zane da kayan kakanninsa. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata a lokacin, kaina cike da maganganun taron bita, a raya al'ada, a ceto tarihi. Da suka iso layinmu a Limawa, ni na shiga ɗakin Inna na yi ta lallashinta har ta ba da aron ƙwaryar mahaifiyarta.

Babbar ƙwarya ce, ta yi duhu saboda tsufa da man shanu. Kakarmu ce ta zana ta da wuƙa mai zafi, kuma akwai ɗinki a bakinta inda ta taɓa tsagewa. Aikinta ɗaya ne a gidanmu: duk macen da ta haihu, a cikinta take shan kunun kanwarta na farko. Inna ta sha a ciki, ƙannenta sun sha, ni ma na sha sau biyu. Aron wata uku aka ce. Sai da aka shekara biyu ba ƙwarya ba labarinta, har autarmu ta shiga watan haihuwarta na fari.

"Ki karɓo mini ƙwaryata," in ji Inna.

Na yi ta kiran manajan otal ɗin a waya, kullum amsa ɗaya, sai mai gida ya dawo. Ranar da na sake kawo mata wannan amsar, Inna ta ɗauki mayafinta ta ce da ƙafarta za ta je.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika. Muka hau mota zuwa Ringim, daga nan babur, daga nan kwale-kwale. Inna ba ta taɓa hawa ruwa ba, ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu tana salati har muka taka ƙasa. Tsibirin bai kai filin ƙwallon makarantarmu ba. An jera ɗakuna masu siffar bukkoki, na siminti, an yi musu fenti launin jar ƙasa, an rufe kwanon rufin da ciyawa don kada a gan shi. A ƙauyen da ke ƙetare kuwa, mutane na ta fafutukar cire ciyawa su sa kwano. Tun daga nan abin ya fara ba ni haushi.

Manajan ya tarbe mu cikin wani matsattsen kaftani, ɗan nan yankin ne amma Hausarsa sai ta jingina da Turanci kafin ta miƙe. "Mama, sannunku da zuwa. Sai kun zagaya tukuna, kun ga abin da muka yi wa al'adarmu."

Mun kuwa gani. Ga tabarma an kafe ta a bango da ƙusa, baƙi na zaune a kujerun roba suna kallonta. Ga randa a kan teburi, ba ko ɗigon ruwa a ciki, wasu 'yan birni na ɗaukar hoto a gabanta suna shan ruwan gora mai ɗumi. Ga wani ƙaton zane na mace tana daka, ta riƙe taɓarya yadda in da gaske ne yatsun ƙafarta za ta dake. A ƙarƙashinsa an sa turmi cikin akwatin gilas, an rubuta kada a taɓa. Inna ta leƙa cikinsa ta ce, "Wannan ai bai taɓa ganin gero ba." Manajan ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne.

"Ɗan nan, ina ƙwaryata?"

"Tana wuri na musamman, Mama. Amma Alhaji ne kaɗai ke ba da izinin fitar da kaya, kuma sai da safe zai shigo."

La'asar ta yi sakaliya, mai kwale-kwale ya riga ya tashi. Manajan ya ce kada mu damu, za a karrama mu da ɗakin da ya fi kowanne. Yadda ya faɗi hakan yana murza hannu, sai ka ce kujerar Makka ya ba mu.

Ɗakin yana da gado mai laushi, ba shi da buta, sai da na je na roƙo. Kowane bango da zanen fuskar wata mata mai manyan idanu. Inna ta ce ba za ta yi salla wata na zuba mata ido ba, ta cire mayafinta ta lulluɓe wadda ke gabas. Muna cikin haka aka kira magariba daga ƙetaren kogi, janareto ya tashi, fitila ta kama.

Wani haske ruwan ɗorawa ya bazu a bango, ɗigo-ɗigo, layi-layi. Kunya ta ishe ni in faɗa, amma sai da na ce, "Kai, wannan kam ya yi kyau." Inna kuwa sama take kallo. Na ɗaga kai. Ƙwaryar ce a kife, tana lilo a jikin waya. An huda gindinta an zura wayar, an rataya ƙwan lantarki a ciki. Sannan an bi zanen kakata an yi masa ƙananan huji tun daga sama har ƙasa, don haske ya riƙa fita. An shafe ta da man nan mai ƙyalli da ake shafa wa kujeru. Ɗinkin bakinta ne kawai suka bari yadda yake.

"Kashe wutar," in ji Inna.

Na kashe. A duhu muka yi salla, a duhu muka kwanta, ba wanda ya taɓa abincin da aka kawo.

Da gari ya waye Inna ta ga wani ɗan kati a jikin ƙofa, ta ce in karanta mata. An rubuta fitilar gargajiya, wanda ya yi ta ba a san shi ba. Na so in tsallake layin ƙarshen, amma ta ga bakina ya tsaya, ta ce in ƙarasa.

Wajen hantsi Alhajin ya iso a jirgi mai inji, da babbar riga da baƙin tabarau. Bai ko zauna ba. "Hajiya, ai ɗaukaka ta muka yi. Da tana ƙuryar ɗaki ba wanda ya san da ita. Yanzu manyan baƙi ne ke kwana a ƙarƙashinta."

"Alhaji, aro na ba da," in ji Inna. "Kuma kun rubuta ba a san wadda ta yi ta ba. Ni na san ta. Ita ta haife ni."

Ya juya ya ce wa manaja a ɗauko wa Hajiya sababbin ƙore biyu daga shagon tsaraba. Mutumin da ya tara kayan kakannin mutane cike da tsibiri, bai san bambancin ƙwarya da ƙwarya ba. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna wa ya shiga ɗakin Inna da daɗin baki, na fasa. Inna ta ce a bar sababbin, a sauko mata da tata. Aka kawo tsani aka yanke wayar. Ta naɗe ƙwaryar a zani ta rungume ta, ko gefen kwale-kwalen ba ta riƙe ba da za mu dawo.

A kasuwar Ringim muka nemi wani tsoho mai ɗinkin ƙwarya. Ya juya ta, ya ɗaga ta saitin rana, ya bi hujin da babban yatsansa. "Hajiya, da tsagewa ta yi da na ɗinke miki. Wannan ko na liƙe, kunu mai zafi zai buɗe shi."

Bayan kwana tara autarmu ta haihu, mace. Aka dama kunun kanwa. Ina tsaye a bakin ƙofa Inna ta fito da ƙwaryar, ta kankare man ƙyallin iya yadda ya kankaru, ta sa kwanon silba a cikinta, ta zuba kunun a kwanon. Autar ta tallafi ƙwaryar da hannu biyu ta sha, zafin kwanon na fitowa ta hujin yana taɓa tafinta.

Da ta gama na miƙa hannu in karɓa in wanke. Inna ta riga ni ɗauka.

"Bari," ta ce. "Ke kin yi naki."