Shirin Rana Ya Ceci Yatsuna

Salama gare ku 'yan uwa. Shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da wata magana, ko 'ya'yana ba duka suka sani ba. Yau zan faɗe ta da bakina.

Na yi kuturta. Na warke.

Lokacin ina da shekara ashirin, ina aure a Sheme, da goyon ɗiyata ta fari. Zamanin da kuɗin mai ya shigo ƙasa ne, ana ta shimfiɗa kwalta, kowa na sayen keke da rediyo.

Wani tabo ya fito mani a damtsen hagu, ya fi sauran jikina haske. Ba ƙaiƙayi, ba zafi. Uwar mijina, Inna, ta duba ta ce, "Kyasfi ne, shafa man shanu." Na shafa wata biyar.

Rannan ina sauke tukunyar tuwo, bakinta ya ƙona ni a gefen hannu. Ban ji komai ba, sai da na ga wurin ya tashi. Na ja mayafi na rufe, ban faɗa wa kowa ba.

Yayan mijina, Alhaji Sule, yana da motar ɗaukar kaya. Shi ya fara kawo talabijin unguwarmu, mai baƙi da fari, ana jona ta da batirin mota. Da yamma ta maza ce, a ƙofar gida ake kafa ta, su kalli labarai da kokawa. Mu mata sai ranar Asabar da rana, idan sun tafi gona, matar Alhaji, Hajiya Rabi, ta kunna mana a ɗakinta.

Da rana ba a sa wasan kwaikwayo. Shirye-shiryen wayar da kai ake jefawa, na rijiya, na rigakafi, irin waɗanda ba mai rububinsu.

Wata Asabar aka nuno wani asibiti. Ma'aikaci ya sa wata mata ta rufe ido, yana taɓa wani tabo a bayanta da auduga. Ba ta ji ba. Mai bayani ya ce haka kuturta ke farawa, kuma wanda ya zo da wuri yatsarsa ko ɗaya ba za ta guntule ba.

Wata maƙwabciya ta ce, "Hajiya, kashe mana wannan abu, ana cin gyaɗa."

Na ce, "Don Allah a bar shi."

Da na koma ɗaki na ciro auduga a matashi, na rufe ido, na goga a tabon. Shiru.

Na faɗa wa maigidana, Malam Garba. Ya ce, "Hadiza, in maganar ga ta fita, ba mai sake cin abincin gidan nan. Ki bari a nemo na gargajiya."

Na ce, "Malam, na ga matar da ta je da wuri, na ga waɗanda suka makara. Ko ka kai ni, ko in roƙi Alhaji ya sa ni bayan motarshi."

Kwana uku ba mu yi wata magana ba. Ran na huɗu ya ce in shirya.

Muka bi ta Funtuwa zuwa wani asibitin masu wannan ciwo a wajen Zariya. A kan benci na zauna kusa da wani dattijo da ba shi da yatsa ko ɗaya. Ya dubi hannuna ya ce, "Ɗiyata, kin zo a kan kari. Ni shekara tara na ɓoye."

Aka yi mani gwajin auduga. Aka ɗan tsaga fatar kunnena da gefen tabon, aka shafa a gilashi. Likita ya matsa jijiyar gwiwar hannuna, na yi ƙara. Ya ce, "Ita ce. Amma in kin riƙe magani, za ki yi tsufa da hannuwanki."

Na tambaye shi goyona fa. Ya ce in ci gaba da ba ta nono.

Magani kyauta ne, ƙwaya ɗaya kullum. Kuɗin mota ne namu, sai da Malam ya sayar da tunkiya. Daga baya aka mai da ni karɓa a ɗakin shan magani na Faskari, duk wata.

Magana ta fita, kamar yadda ya faɗa. Inna ta ware mani kwano da moɗa. Aka daina aiko mani goron biki. Na yi kuka, amma ban tsallake ƙwaya ko ta rana ɗaya ba.

A shekara ta biyu hannun ya kumbura, ga zazzaɓi, ga zogi har kafaɗa. Na ɗauka ƙarshena ne. Aka kwantar da ni mako uku, ana gasa hannun, ana koya mani motsa yatsu. Ran da aka sallamo ni, Malam ya jawo kwanona a gaban Inna ya sa hannu. Daga ranar ba a sake ware mani komai ba.

Shekara biyar cif, sannan likita ya ce na gama. Ƙaramar yatsata ta hagu ta ɗan lanƙwashe, shi ke nan. Na haifi shida bayan haka, duk lafiya lau.

Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Malam da Inna da Hajiya Rabi. Allah ya saka wa ma'aikatan asibitin, da wanda ya sa shirin nan da rana, ko da don cike gurbi ya yi. Da a ce da yamma aka sa shi, da ban gani ba.

Ku masu gidajen talabijin, kada ku cire irin waɗannan shirye-shirye daga rana, akwai matan da a lokacin kaɗai suke samun kallo. Amma ku maimaita da yamma, don maza ne ke ba da izinin zuwa asibiti.

Ku kuma 'yan uwa, duk tabon da ba ya jin taɓi, a kai shi asibiti. Yanzu maganin na watanni ne, ba shekaru ba. Kada a ware wa mai shan magani kwano.

Wadda kunya ta hana ta zuwa, ta turo mani saƙo. In tana kusa, ni zan raka ta.