Yadda Na Dawo daga Iferuwan Ido Biyu

Alhamis: Agadas zuwa Iferuwan

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai gama wayewa ba, muka bar ƙofar gidana a Agadas, ni da Sidi da kayana kashi uku: jakar tufafi, batir guda cikin kwali, da wata baƙar jaka da Hajiya, matata, ta ɗora mini a cinya da hannunta. Sidi tsohon ɗalibina ne, har yau Mushe yake ce mini, wato malam. Shekara biyu ina ba shi huɗu bisa ashirin a darasin labarin ƙasa. Yau shi ke da kat-kat, motar ratsa rairayi, yana kai masu haƙar zinariya daji, kuma babu rijiyar da bai san sunanta ba tsakanin nan da iyaka. Malamin makaranta in ya daɗe a duniya yakan ga irin wannan.

Bari in faɗi abin da ke cikin baƙar jakar. Wata huɗu da suka wuce na tsaya da motata a bakin kasuwa ina jiran wani kamiyo, babbar motar kaya, ya wuce. Da na farka sai na tarar da hancin motar cikin buhunan albasa, mai albasar yana kallona ta gilashi. Ba wanda ya ji ciwo sai albasa. Ran nan Hajiya ta karɓe lakilen motar, wato mabuɗinta. Likita a Yamai ya kwantar da ni dare guda da wayoyi a jiki, ya ce maƙogwarona yana rufewa in na yi barci, numfashi ya tsaya, in farka ban sani ba, haka har safe. Ashe shekaru ina kwanciya, ba barci nake ba. Ya rubuta mini na'ura mai suna CPAP: ƙaramin akwati da tiyo da takunkumi na hanci, tana tura iska a hankali don hanyar ta zauna a buɗe. Ya ce ranar da barcin rana ya rabu da ni, tuƙi ya halatta.

Mako uku muna tare, ni da ita kamar sabon malami da ajin da bai so shi ba. Ɗaurinta ya yi mini zane a kumatu. Kusan kullum nakan tashi in same ta a ƙasa tana hura wa tabarma iska, ban san lokacin da na cire ta ba. Da saƙo ya zo cewa abokina Alhuseini na Iferuwan ya samu jika, za a sa masa sunana, sai Hajiya ta kafa sharaɗi a gaban Sidi.

"In ya dawo daga can har ƙofar nan bai yi gyangyaɗi ba, in ba shi lakilensa. Sidi, kai ne shaida. Kada ka ji kunyarsa don ya koya maka karatu."

"Hajiya, bai koya mini ba. Ya dai gwada."

Ƙarfe shida da minti goma muka isa bariyar fita gari. Jandarma ya duba takardu, ya buɗe baƙar jakar, ya ɗaga tiyon sama.

"Baba, wannan ta neman zinariya ce?"

"Ta neman barci ce, ɗana."

Na nuna masa takardar likita. Ya karanta ta sau biyu, ya sassauta murya ya ce tsohonsa in ya kwanta har maƙwabta sai sun ji minsharinsa, a ina ake wannan awon? Na faɗa masa. Ya rufe jakar da ladabi.

Na ga hayaƙin tashar kuran, wato lantarki, ta Anu Araren daga nesa wajen bakwai da rabi, bayan kilomita saba'in da 'yan kai. Wannan ne abu na ƙarshe da zan iya ba da shaida a kansa. Na farka ƙarfe goma sha ɗaya, mun bar gudoro, titin kwalta, tuni, muna kan hanyar duwatsu.

"Na ɗan rufe ido ne," na ce.

"Awa uku da rabi, Mushe. Amma zuwa ba ya cikin lissafi. Dawowa ce kompozisiyo, babbar jarrabawa."

Muka tsaya a Gugaram muka ci shinkafa da wake, muka yi azahar. Ƙarfe huɗu da minti ashirin dutsen Tamgak ya tsaya a gabanmu, garake, wato lambuna, suka fara, kore shar bayan damina. Kilomita ɗari uku da wani abu. Na ga kashi biyu cikin uku.

Iferuwan

A nan aka fara turo ni aikin lakkol, wato koyarwa a makaranta, ina saurayi, kuma a garkar Alhuseini na koyi shan shayi kofi uku ba tare da na yi gaggawa ba. Ya tsufa, idanunsa kaɗai ake gani tsakanin rawani da amawali, kamar yadda na bar shi. Baƙi maza mu goma sha ɗaya aka shimfiɗa mana tabarmi a fili ɗaya, gefen rijiya, ƙarƙashin dabino. Ba ɗaki, ba labule.

Abin da ban yi tunaninsa ba tun daga gida ke nan. A gaban Hajiya na saba da kamannina cikin takunkumi, don ita ta ga abin da ya fi haka. Amma a nan akwai liman, akwai surukan Alhuseini, akwai mutum biyu da na taɓa sa su durƙuso a aji. Bayan isha'i na ja tabarmata can gefe, na haɗa na'urar da batir, na sa takunkumin, sannan na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na warware rawanina na naɗe fuskar gaba ɗaya, takunkumi da komi, ninki uku. A ƙasar da namiji ke rufe baki da hanci don mutunci, wa zai lura?

A jikin takunkumin akwai 'yan ƙananan huji da numfashin da mutum ya fitar ke bi ya fita. Likita ya ce kada a toshe su. Littafin na'urar ma ya faɗa, da Faransanci mai kyau, na karanta shi sau uku har na sami kuskuren nahawu ɗaya a ciki. Su na toshe. Na kwana ina shaƙar iskar da na riga na fitar, rawanin yana kumbura yana fito kamar butar shayi. Kafin asuba na cire komi na jefar.

Jumma'a

Aka raɗa wa yaro suna Laminu ƙarfe bakwai. An ce liman ya yi addu'a mai kyau. Ni kuwa kaina yana ciwo kamar ana sara da gatari, kuma an tashe ni ne don in shafa.

Da rana, bayan an watse, Alhuseini ya kira ni inuwar rumman, ya ɗora shayi. Sai da muka sha kofi na farko ya ce, "Mushe, jiya mun ji rawaninka yana magana."

Na yi masa bayani, har da zane a ƙasa. Ya karɓi takunkumin ya juya shi, ya sa babban yatsa a kan hujin, ya ɗaga.

"Nan iska ke fita?"

"Nan."

"Ka toshe."

"Saboda mutane."

Ya zuba na biyu daga sama, bai zubar da ɗigo ba. "Tun ina ɗan shekara sha takwas nake rufe bakina. Ka taɓa ganin na shaƙe? Ninki ɗaya ake yi, a sake. Kai ka yi ɗaurin buhun gawayi." Ya miƙo mini kofi. "Kuma wace kunya? Shekara huɗu ka yi a garin nan, in ka fara minshari raƙumin da ke jan ruwa a garkar maƙwabcina sai ya tsaya ya saurara. Ba ka ji kunya ba. Yanzu da za ka yi shiru ne kunya ta zo?"

Na shanye kofin. Ya shiga gida ya fito da tsohon rawani wanda wanki ya yi wa laushi, ya yage ƙyalle biyu. Ya naɗa su a jikin ɗaurin, daidai inda yake cin kumatuna da ƙeya. Ya sassauta ɗaurin kaɗan, ya ce abin da aka matse shi ne hannu ke nema ya cire cikin barci. Ya rataye tiyon a reshe don kada ya riƙa jan hancina in na juya. Batir kuma aka haɗa shi da fanon hasken rana da ke jan famfon garka, ya sha rana har la'asar.

Daren nan na shimfiɗa tabarmata a tsakiyar mutane. Liman ya leƙo ya ce, "Allah ya sa a dace, Mushe." Na kunna. Abin da na sani na gaba shi ne kiran salla. Fuskar na'urar ta nuna awa bakwai da minti goma, takunkumi yana inda na bar shi. Ran Asabar awa bakwai da rabi. Na zaga garka da ƙafa, na ɗauki takwarana, na karanta shafi arba'in na littafin da na yi wata biyu ina barci a shafinsa na tara.

Lahadi: Iferuwan zuwa Agadas

Ƙarfe bakwai daidai muka tashi, bayan mota cike da rumman da albasa. Albasar ban san ko zolaya ba ce. Sidi ya karkato madubi yadda zai riƙa ganin fuskata.

Shekara talatin ina zana wa yara taswirar wannan hanya a allo, ashe ban taɓa ganinta duka ba. Akwai ƙorama mai faɗi da nake zanawa siririya. Akwai baƙaƙen duwatsu da nake ce wa ja. Na gyara wa kaina da ƙarfi, kuma tun da ga ɗalibi a kusa, na bayyana masa yadda kowane ya samu.

A Gugaram, sha ɗaya da kwata, Sidi ya sayo naman akuya na jika ɗaya, wato sefa dubu, da burodi, ya tura mini kaso mai yawa.

"Kana so in ƙoshi in kwanta."

"Jarrabawa ba tarko ai ba jarrabawa ba ce, Mushe. Kai ka koya mana."

Ƙarfe biyu muka hau gudoro. Rana a ka, ciki cike, hanya miƙe, injin yana ruri ɗaya. Lokacin da na saba tafiya ke nan. Na zauna ina jiran barci yadda nake jiran sufeto a da. Hamma ɗaya ta zo. Sidi ya dube ni. Ta wuce, ba ta kawo kowa ba. Ƙarfe uku da minti arba'in hayaƙin Anu Araren ya bayyana, na yi masa bayanin yadda gawayin ƙasa ke zama kuran. A bariya jandarman nan ya gane ni, ya ce tuni ya kira tsohonsa a waya.

Biyar da minti biyar muka tsaya a ƙofar gida. Hajiya ta fito, ta yi mana barka da zuwa, ta wuce ni ta tsaya gaban Sidi.

"To?"

"Hajiya, don Allah ki ba shi lakilensa. Bai yi barci ba, kuma bai yi shiru ba. Awa goma ina cikin aji. In ya ƙara tafiya, ya tuƙa kansa."

Ta buɗe baƙar jakar, ta duba awannin da idonta, ta taɓa ƙyallen da ke jikin ɗaurin. Sannan ta kwance bakin mayafinta, ta miƙo mini lakilen. Ashe wata huɗu lakilen yana zaune kusa da ni a kan tabarma.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Alhuseini, wanda bai taɓa shiga aji ba ya gyara mini karatuna, da Sidi, wanda na ƙara masa maki goma sha shida ko da yake sun makara. Washegari, bayan likita ya amince ta waya, na kai Hajiya kasuwa. Gaba ta zauna. Mai albasa yana hango motar ya miƙe ya fara jan buhunansa, na sauke gilashi na gaishe shi da suna.