Kunnen Yaya na Hagu

A filin jirgi ba wanda yake kiran yayata da sunanta. 'Yar Sanda suke ce mata, ba don ta taɓa saka kaki ba, sai don jajayen sanduna biyu da take riƙewa tana yi wa jirage jagora idan sun sauka. Jirgi zai taho yana ruri, hancinsa ya nufo ta kamar zai bi ta kanta, ita kuwa tana tsaye a kan layi tana ɗaga hannu tana saukewa, har ta gitta sandunan a saman kanta, ƙaton abin nan ya tsaya cik. Mijinta, wanda malamin firamare ne, yakan ce shi tausayin jiragen yake ji, don shi ma haka ake tsayar da shi a gida.

Ita ce babba a ɗakinmu. Da Baba ya rasu ta bar karatu ta kama aikin share cikin jirage, daga nan aka mai da ita waje, ta yi shekara goma sha wani abu a rana da ƙarar inji. Da aikin nan ta riƙe Inna, da shi na gama makaranta. Ba ta taɓa yi mana gori ba. Abu ɗaya kawai take yawan faɗa, wai ta gaji da nuna wa mutane inda za su ajiye abin da ita ba ta taɓa tuƙawa ba. Dariya muke yi. Da kamfaninsu ya ce zai ɗauki nauyin wasu ma'aikata su koyi tuƙin jirgi, sai ga sunanta a ciki, tana da 'ya'ya uku, ta ba wa talatin baya sosai. Ranar Inna ba ta ci abinci ba.

Wani dattijo ne yake koya mata a ƙaramin jirgi mai kujera biyu. Kyaftin kowa yake ce masa, mutum ne da magana take yi wa wuya. Bayan wasu watanni ya ce mata ta isa ta tashi ita kaɗai, abin da ya rage ta kawo shaidar likitan matuƙa cewa lafiyarta ƙalau.

Mu a gida mun daɗe da sanin Yaya tana karkata kai idan ana mata magana. Waya kullum a kunnen dama take. Autarta idan tana son wani abu, zagayowa take yi ta dama. Mun ɗauka ɗabi'a ce irin ta kowa, ba wanda ya taɓa kiran abin da suna.

Ni na raka ta asibitin, don an ce za a ɗiga mata maganin ido, ba za ta iya tuƙa mota ba. Wani dogon baranda ne mai kujerun ƙarfe, samari masu neman irin shaidar suna zaune, kowa ya yi tsit kamar masu jiran hukunci. Aka gwada idonta, ta karanta har layin ƙasa. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka manna mata wayoyi a ƙirji aka duba bugun zuciya. Duk ɗakin da ta fito sai ta ɗaga mini gira.

"Saura me?" na tambaye ta.

"Kunne. Wannan ai wasa ne."

Amma na ga ta goge tafin hannunta a jikin zani.

Ɗakin gwajin kunne wani ɗan akwati ne mai ƙofa mai kauri da tagar gilashi. Nas ta zaunar da ita, ta ɗora mata abin sauraro a kunnuwa, ta ba ta maɓalli ta ce duk lokacin da ta ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ta danna. An bar ƙofar waje a buɗe, don haka daga inda nake ina ganin su duka biyun. Da aka fara da kunnen dama, babban yatsan Yaya sai aiki yake yi, nas tana gyaɗa kai. Da aka koma hagu ta danna sau biyu ko uku, sai yatsan ya tsaya. Nas tana murɗa wani abu a gabanta, tana ɗago kai tana dubanta, Yaya tana zaune kamar ba a fara ba.

Can sai na ga idon Yaya ya sauka a kan hannun nas ta cikin gilashi. Hannun ya motsa, ta danna. Ya sake motsawa, ta danna. Ni ma na gane abin da take yi. Nas ta miƙe ba tare da ta ɓata rai ba, ta buɗe ƙofar akwatin, ta juya kujerar ta fuskanci bango.

"Hajiya, da kunne za ki ji, ba da ido ba," ta ce a hankali.

Aka sake daga farko. Yanzu bayanta kawai nake gani, da hannunta a kan cinya riƙe da maɓallin. Na daɗe ban ga yatsan ya motsa ba.

Likitar tsohuwa ce mai tabarau rataye da igiya a wuya. Ta ce in shigo in Yaya ta yarda, ta kuwa yarda. Ta tambayi aikinta, Yaya ta faɗa.

"To, wannan ya yi bayanin rabi," in ji likita. "Kunnenki na dama ya ɗan taɓu, amma yana cikin abin da doka ta yarda da shi. Na hagu ya yi ƙasa sosai, musamman a siraran sauti. Abin da ya dame ni, ƙarar inji takan ci kunnuwa biyu tare ne. Naki ɗaya ta ci."

"Ma'ana me, likita?"

"Ma'ana ban san dalili ba tukuna. Kina jin jiri?"

"A'a."

"Kina jin ƙara a kunnen, ko da wuri ya yi shiru?"

Yaya ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na sha jin tana cewa wani gyare ya tare a kunnenta ya ƙi fita. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ban san abin da zan yi ba in ta ce a'a. Agogon bango yana ta bugawa, likita ba ta sake tambayar ba, ba ta kuma kawar da ido ba.

"Ina ji," Yaya ta ce. "Ya daɗe."

Likita ta cire tabarau. Ta ce wani lokaci, ba kasafai ba, wani ɗan ƙari yakan fito a kan jijiyar da ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa, kuma alamarsa ta farko ke nan. Sai an ɗauki hoton cikin kai. Kafin nan ba za ta sa hannu ba, kuma Yaya ba za ta tashi ita kaɗai ba.

A mota na zauna a mazaunin direba ban tayar ba. Idonta ya yi ja saboda maganin, ko kuma ba maganin ba ne.

"Da na ce ba na ji, da kin tona ni?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Tayar mu tafi. Kuma kada Inna ta ji."

Layin masu ɗaukar hoton yana da tsawo, sai da muka yi jira. A kwanakin nan gidan Yaya ya zama wani iri. Mijinta ya daina barkwanci, ya koma yi mata magana da ƙarfi kamar yana gaban aji, har ta ce masa ba kurma ba ce, ya rage murya. Yaran suna tafiya a hankali ba su san dalili ba. Na taɓa shiga kicin na same ta ta toshe kunnen dama da yatsa, tana buga cokali a gefen kofi kusa da na hagu, tana matso da shi tana nisantawa. Da ta gan ni ta jefa cokalin cikin ruwan wanke-wanke.

Da kanta ta je ta gaya wa Kyaftin. Ta ce ya daɗe yana goge gilashin jirgin kafin ya ce, "Kujerarki tana nan. Je ki ji da kanki." Inna kuwa ba wanda ya gaya mata, amma ta kira ni ɗaki ta ce, "Ke, ni na haife ku. Me ya sami yayarki?" Na ce gwaji ne bai kammala ba. Ta dube ni har na ji kunya, ta ce Allah ya sa mu ji alheri.

Ranar ɗaukar hoton na je ɗaukar ta a wurin aiki, na isa da wuri, na tsaya a bakin shingen waya. Ban taɓa kallon ta tana aiki daga kusa haka ba. Wani jirgi ya shigo, ta tsayar da shi, injin bai gama mutuwa ba, ƙararsa ni da nake nesa har cikin haƙorana nake jin ta. Sai na ga rediyon oba-oba da ke maƙale a kafaɗarta ta hagu ya yi magana. Ta sa hannu ta ɗage marufin kare ƙara da ke kan kunnen hagu, ta kwantar da kai a kan rediyon, ta amsa, ta mayar. Kafin ta bar wurin ta yi haka ya fi a ƙirga.

Da ta shigo mota na tambaye ta tun yaushe take yin haka.

"Yin me?"

Na kwatanta mata.

"Kowa haka yake yi. In ba ki ɗage ba, ba za ki ji abin da ofis yake faɗa ba." Hannunta ya tafi kan kunnen. "Tun da na fara."

Muka kira likita a hanya. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Yana iya zama shi ne. Ina fatan shi ne. Amma ku je a ɗauki hoton."

Aka kwantar da Yaya a kan wani siririn gado, aka tura ta cikin na'ura mai kama da rami, ni aka bar ni a waje da jakarta da 'yan kunnenta a hannu. Ta cikin bango ina jin abin yana bugawa kamar ana fasa dutse. Na karanta duk addu'ar da na sani, na koma na sake. Da ta fito ta ce masu neman ciwon kunne da wannan hayaniya su ma a duba nasu. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da sakamako ya fito mu uku muka je, har da mijinta. Likita ba ta ja mana rai ba, tun kafin mu zauna ta ce ba ƙari, jijiyar lafiya lau. Mijin Yaya ya dafa bango, sannan ya nemi kujera. Yaya kuwa tana tsaye.

"To shaidar fa?"

"Kunnen ba zai dawo ba, wannan ki sani. Abin da nake so in tabbatar, ko kina jin masu ba jirage umarni daga hasumiya sarai a cikin ƙarar jirgi. Malaminki zai tashi da ke a lokacin da sama ta cika da jirage, ya rubuto mini gaskiyar abin da ya gani. In ya ce kin rasa umarni ko kin yi cinta, magana ta ƙare."

Abin da ya faru a sama daga bakinta na ji. Ta ce Kyaftin ya naɗe hannu ya zuba mata ido. Mai magana a hasumiya yana zuba lambobi da sauri, jirage da yawa suna amsawa, ita tana tsintar nata tana maimaitawa. Suna juyowa za su sauka aka ba ta wani tsayi, wata murya ta hau kan maganar, ba ta tabbata ƙafa dubu biyu aka ce ko dubu huɗu ba. Ta ce zuciyarta ta ce mata biyu ne, kullum a wurin nan biyu ake cewa, kuma in ta nemi a maimaita Kyaftin zai rubuta. Ta danna ta ce, "Hasumiya, a sake faɗa." Huɗu ne. Akwai wani jirgi a ƙasanta.

Da suka sauka suka kashe inji, Kyaftin ya juyo. Yana kwance ɗamarar kujera ya ce shi ma bai ji lambar ba.

Likita ta sa hannu, amma da sharaɗi. Za a riƙa gwada kunnen a kai a kai, kuma dole ta bar aikin tsayar da jirage, don na daman da ya rage shi ne jarinta. Ta kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa manyan jiragen fasinja ba ta yi mata alkawarinsu ba, in na dama ya fara sauka, ita da kanta za ta karɓe shaidar. Yaya ta ce ta ji. Barin filin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Aka mai da ita ofishin tsara tashi da sauka, ta yi kwanaki tana cewa kujera za ta kashe ta.

Ranar da za ta tashi ita kaɗai, da safe muka je gaba ɗaya. Inna ta ce za ta zo, amma da muka isa ta ƙi fitowa daga mota, ta juya wa filin baya. Muka jeru a bakin shinge, Kyaftin yana gefe da rediyo a hannu. Jirgin ya yi gudu ya ɗaga, ya ƙanƙance, ya zagaya ta bayan rumfunan gyara. Muryar Yaya ta fito ta rediyon tana maimaita umarni, a natse kamar tana aiken yara. Da ta sauko tayoyin suka taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle ya sake taɓawa, ya ɗan karkata, sannan ya miƙe. Kyaftin ya ce ya ga waɗanda suka fi wannan muni.

Na ruga mota na buɗe ƙofa. Inna ba ta juyo ba.

"Ta sauka?"

"Ta sauka, Inna."

"Da ƙafarta za ta fito?"

"Ga ta can tana fitowa."

Sai a lokacin ta gyara mayafi, ta ce in riƙe mata hannu.