Kartar Da Aka Buga Mini A Tandabawi

Shekarun baya can, tun ana rushe gidajen gefen Harami don faɗaɗa shi, tun 'yan ga-ruwa ke kawo mana ruwa a garwa, na yi wani abu a unguwarmu ta Tandabawi wanda har yau in na tuna sai in yi istigfari, in yi dariya, wata rana kuma in share hawaye. Karta aka buga mini. E, ni ɗin nan da kuke gani da carbi a hannu, kuma a cikin garin Makka!

Ni da mahaifiyata muka iso ta ƙasa, ta Chadi da Sudan. Mijina tun a hanya Allah ya karɓi abinsa. Shekarar da muka zo ita ta hau Arfa tare da ayarinmu, ni kuwa zazzaɓi ya kwantar da ni, ko kaina ba na iya ɗagawa. Muka ce ai ga mu ga Makka, sai baɗi. Kafin baɗin ta zagayo, ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Daga nan rayuwata ta zama ita. In juya ta, in wanke ta, in ba ta kunu da cokali. Da hantsi in ruga gefen Harami in sayar da hatsin tantabaru, in dawo a guje kafin azahar. Shekara shida ke nan. Duk wanda ya zo sayen hatsi sai ya ce "Hajiya, ba ni na kuɗi kaza," in amsa, abin yana sukata a zuciya, don ni ko hanyar Arfa ban sani ba. Ranar hawan Arfa garin kan yi tsit, maza duk sun tafi, matan Makka su cika Harami da shayinsu da 'ya'yansu. Ni kuwa sai in hau rufin ɗakinmu in yi ta kallon inda manyan motoci suka bi, har ƙurarsu ta kwanta.

Ni ce 'yar farin mahaifiyata, ita kuma mutuniyar Katsina ce ta ainihi. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta tamau. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "'yar nan". Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta kallona ido cikin ido. Ina da wani kawu a nan Makka da ba ya fashin hawan Arfa. Duk shekara in watan aikin Hajji ya kama, sai ta juya fuska bango ta ce, "Ke, bi kawunki mana. Wa ya riƙe ki?"

Ni kuwa sai in ji kamar gori take mini. In ce, "Inna, in tafi wa zai juya ki? Bango?" Shi ke nan, sai in ci gaba da kumbure-kumburena ina ganin ni ce jaruma.

Akwai wata maƙwabciyarmu, Bahaushiya ce amma haifaffiyar Sudan, Hausarta rabi Larabci. Tana da wata tsohuwar karta da ta sha maiƙo, tana ɓoye ta cikin gwangwanin ganyen shayi. Bayan la'asar mata kan taru a ɗakinta, a saki labule, ta baje musu ita a kan faifai. Kowa ya san malamai sun hana, kowa ya san in hukuma ta ji akwai magana. Ni ce ma kan gaba wajen zaginta a bayan ido.

Wata rana, saura kwana goma a hau Arfa, mahaifiyata ta ce in je in aro mata rariya a gidan. Ina shiga matar ta kama hannuna.

"Ya ukhti, zauna ki sha shayi. Yalla, yanka min wannan."

Na ce, "A'uzubillahi! Ni rariya na zo aro."

"Rariya ba ta gudu. Yanka."

Wallahi ban san lokacin da hannuna ya raba kartar biyu ba. Ta haɗa, ta fara jerawa. Ta farko baƙar sarauniya. Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ga tsohuwa kwance." Na ce a raina, wannan ai ko akuyar unguwa ta sani. Ta buɗe jar sarauniya ta ɗora a kan baƙar, ta danne da tafin hannu.

"Ga ki nan a kanta. Kina cewa ita ta riƙe ki? La, wallah. Ke kika riƙe ta. Ciwon nan ba ya yi mata nauyi kamar yadda zamanki yake yi mata. Tana tsoron ta tafi ta tarar da Ubangiji, ta ce masa 'yarta ta zo har ƙofar ɗakinsa amma ita ta tare hanya."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "To kartar ta gaya miki wa zai ba ta kunu?"

Ta buɗe wata ja mai ɗigo biyar. "Ga baƙuwa a ɗakinku, kwana biyar. Halas."

Na tashi a fusace, ko rariyar ban ɗauka ba. Na koma gida ina istigfari. Mahaifiyata ba ta tambayi rariya ba, ni kuma don wautata ban lura ba. Kwana uku maganar tana cina. Ina ba ta kunu ina satar kallonta, sai na ga yadda take kawar da kai duk lokacin da aka ji mahajjata sun wuce suna Labbaika.

Ana gobe tafiya Mina sai ga maƙwabciyar da tabarmarta a hammata. Ta ce, "Ga baƙuwar ta zo." Ta durƙusa ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗar mahaifiyata, ta juya ta daidai yadda nake yi, har da tura matashi a bayan gwiwa. Na tsaya baki buɗe. Mahaifiyata ta kalli bango ta ce, "Kawunki na jira."

Haka na tafi. Na tsaya a Arfa cikin rana, na ɗaga hannu, duk addu'o'in da na tara shekara shida suka gudu daga kaina. Mahaifiyata kaɗai na yi ta ambata, ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Da na dawo, ina ɗaga labule, ta juyo da fuskarta daga bango. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Tun da ta haife ni, ran nan ta fara kirana da wani abu mai kama da suna.

Wata biyu bayan haka ta rasu. Ranar sadakar bakwai, da mata suka watse, maƙwabciyar ta zaro baƙar sarauniyar nan daga cikin mayafinta ta sa mini a hannu.

"Ni ban ga komai a karta ba, ya ukhti, ban taɓa gani ba. Duk hantsi in kin tafi sayar da hatsi nake shigowa, mahaifiyarki tana koya mini yadda ake juya ta. Ita ta zaɓi kartocin nan da hannunta mai lafiya, ita ta tsara abin da zan faɗa. Na ce mata ta gaya miki da bakinta mana. Ta ce, 'Yar fari ce, ba zan iya ba.'"

Ban sake bari an buga mini karta ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi, gaibu na Allah ne. Amma na gane cewa shekara shida ina hidima ina jin kaina, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da ita take so ba. Na ɗauka duk kwanan da na ware wa kaina cin amanarta ne, ashe kwana biyar ɗin nan su ne babbar kyautar da take roƙo in karɓa.

Yanzu jikokina da Larabci suke kirana, mutanen unguwa kuwa kowa Hajiya, Hajiya, na ji shi ya fi a ƙirga. Kartar tana nan cikin akwatina, ta yi laushi, kusurwarta ɗaya ta karye. In ranar Arfa ta zo garin ya yi tsit, nakan ciro ta in riƙe, in rufe ido, ko zan sake jin yadda sunan nan na Hajiya ya fito daga wancan bakin, sau ɗayan nan.