Layin da Yaya ta Cire

Duk layin nan Yaya ake ce mata, har da tsofaffin da sun haife ta sun yi jika da ita. A gida sunan ya samo asali, don ita ce babba, sai ya biyo ta shago ya zauna daram. Shagon kuwa kada ka ɗauka wani abin a zo a gani ne. Lungu ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalma: teburi ɗaya, kwamfuta ɗaya, injin kwafi da sai an ɗan mare shi a gefe kafin ya tashi, da wani benci da aka tokare ƙafarsa da bulo. Amma tambayi duk wanda ya taɓa neman aiki a unguwar, ƙofar zai nuna maka.

Buga takardu ne sana'arta, iri-iri. Sai dai abin da ya yi mata suna shi ne takardar da mai neman aiki ke zayyana tarihinsa a ciki, wadda 'yan boko ke kira sibi. Wasu masu shaguna suna da guda ɗaya ajiye, sai dai su canza suna su miƙa maka. Yaya ba ta wannan sakarcin. Zaunar da kai za ta yi a kan bencin nan ta yi ta tatsar ka da tambaya har gumi ya karyo maka. Ba ruwanta da cewa kai mai ƙwazo ne ko mai gaskiya, ta ce ko ɓarawon akuya haka zai rubuta. Abin da take so ta ji shi ne me ka tarar a lalace ka gyara, me aka danƙa maka ka riƙe bai ɓace ba. In ta samo shi, sai ta ɗora shi can sama, domin a cewarta mai ɗaukar aiki ba karatu yake ba, leƙe yake, layin farko in bai kama shi ba shi ke nan an wuce da kai. Shafi ɗaya take yi. Ba ta sa ƙarya, kuma ba ta sa lambar wayar da ke kashe rabin rana.

Takardunta suna ci, wannan ba gardama. To a nan fa gizo ke saƙar. Yaron da ya zauna a bencinta bai ma san yadda zai faɗi abin da ya iya ba, yau ga shi ya wuce a motar ofis yana ɗaga mata hannu. Matar da Yaya ta tono wa ƙwarewarta da ƙyar, ga ta nan da jaka da takalmi mai tsini, ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa Yaya har yanzu ana nan? Ana nan mana, ina za a je! Yaya takan yi murmushi ta ce Allah ya sanya alheri, kuma da gaske take faɗa, amma da sun ba da baya sai ta bi su da kallo. Ta zama tsani, kowa ya taka ya haye. Hassada ce, ba sai an yi mata wani suna ba, ita ma ta sani.

Amma duk waɗannan na waje ne, zafinsu ba ya kwana. Na gida shi ne Auta.

Auta ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da babansu ya rasu, Yaya ta gama sakandare ke nan, sai ta ajiye maganar karatu ta kama koyon buga takarda, da yatsun nan nata aka kai Auta har ta yi difloma. Yaya ba ta taɓa yi mata gori ba, Allah ya sani. Sai dai Auta irin mutanen nan ce da duniya ke yi wa fara'a. In ta shiga ɗaki sai kowa ya saki fuska. Inna, mahaifiyarsu, in Yaya ta dawo a gajiye sai ta ce an dawo, in Auta ce sai ta tashi zaune tana tambayar ko ta ci abinci. Baƙi in sun zo, Auta ake nuna musu a ce ga mai karatun gidan. Yaya kuwa ita ce mai shago. Tana son yarinyar nan kamar ranta, tana kuma jin haushin ta, duka biyun a ciki ɗaya.

Wata rana wani ya kawo sanarwa a yi masa kwafi, Yaya ta kai ido a kai. Wani babban asibiti ne ke neman wanda zai kula da katunan marasa lafiya da bayanansu, mutum ɗaya tak, ko mai difloma ko wanda ya daɗe yana aikin takardu da kwamfuta. Wanda ya daɗe yana aikin takardu! Ta sake karantawa. Tun da take, ba ta taɓa ganin gurbin da ya yi daidai da ita haka ba, ga shi kuma shagon sai ja da baya yake, kowa ya koma yin abinsa a waya. Ta yi kwafi ɗaya fiye da abin da aka ce, ta ninke ta sa a jaka. Cikin kwana biyu ta rubuta tata takardar, ta tatsi kanta yadda take tatsar mutane, ta kai da hannunta. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada a yi mata dariya in ba a kira ta ba.

Ba a yi mako ba sai ga Auta ta faɗo shagon da rana tsaka, tana haki, da sanarwar nan a hannu. Ta zauna a benci tana ta zuba, wai wannan aikin kamar don ita aka yi shi. Kuma abin haushin, gaskiya ta faɗa. Bayan diflomarta ta yi aikin sa kai a wani ƙaramin asibitin unguwa, inda ta tarar da katunan marasa lafiya jibge a kwalaye, mutum ya zo da ciwo a yi rabin wuni ana neman katinsa. Ita kaɗai ta zauna ta jera su, ta shigar da su kwamfuta, har ya zama kafin mara lafiya ya zauna an ciro nasa. Yaya tana jin wannan ta san an gama. Ai irin layin da take nema ke nan a wajen kowa, layin da in ta ɗora shi a sama babu mai ɗaukar aikin da zai wuce shi. In takardar Auta ta shiga da wannan layin, tata takardar ko kallo ba za ta samu ba.

Da ta buɗe baki ta ce ni ma na nema, da magana ta ƙare a nan. Amma ina! Babba ta ce tana takara da autar gidansu? Ta ji kamar tana ganin fuskar Inna, tana jin ta tana cewa haba, ki bar wa yarinya mana, ke ai kina da shago. Kullum ita ce mai bari. Zuciya kuwa ba ta da ƙashi. Ta juya ga kwamfuta ta fara bugawa.

Ba ta rubuta ƙarya ko ɗaya ba, wannan kam. Wanda ya san inda ƙarfin takarda yake, shi ya san inda zai zare. Ta sa makarantu a sama, tun daga firamare. Ta sa mai ƙwazo, mai gaskiya, mai son aiki da jama'a, duk tarkacen da take hana mutane. Maganar katuna kuwa ta matse ta ta koma kalma kaɗan a can ƙasa: ta taimaka a wani asibiti. Takarda ta fito tsaf, ba kuskure, ba kuma abin da zai tsayar da ido.

Auta ta karanta, ta tambaya ko ba za a faɗi yadda ta jera katunan ba.

"Ba a cika takarda da surutu," in ji Yaya, idonta na kan kwamfuta. "In sun kira ki kya faɗa musu da baki."

Auta ta ce to, ai Yaya ce ta sani. Ta rungume ta ta baya, ta fita da murna.

Yaya aka kira, ba a kira Auta ba. Dole magana ta fito, Yaya ta yi ta kame-kame, wai ta jefa tata ne kawai don gwada sa'a. Inna ta taɓe baki. Auta kuwa tsalle ta yi. Ita ta goge mata kayan da za ta sa ranar ganawa, ta ba ta aron jakarta, ta raka ta har bakin titi. Da aka ba Yaya aikin, Auta ce ta bi maƙwabta gida-gida tana faɗa. Kai, har wannan ma sai da ya ba Yaya haushi. Wace irin zuciya ce wannan da ba ta san ƙyashi ba? Ko a nan ma yarinyar ta fi ta.

Yaya ta lallashi kanta da cewa aiki ɗaya ne kawai, mai difloma kamar Auta gobe ma rana ce. Abin da ba ta lissafa ba shi ne injin kwafin nan. Da ta fara zuwa asibiti sai ta bar wa Auta shagon ta riƙe kafin ta sami nata aikin. Auta kuwa ta ɗauki takardar nan kamar laya. Takardar Yaya ce fa, wadda ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ta yi mata kwafi tuli guda, duk inda ta ji ana neman ma'aikaci sai ta kai: asibitoci, makarantu, kamfanoni, har ofisoshin da ba su nema ba. Ta kai, ta jira, shiru. Ta sake kaiwa, shiru. Wata ya bi wata. Ƙawayenta da ba su kai ta komai ba duk suka kama aiki, wasunsu ma da takardar da Yaya ta rubuta musu a da.

A hankali dariyar Auta ta ragu. Ta daina sa wayarta a gaba tana jiran kira. Inna ta shiga cewa baki ne aka yi wa yarinya. Yaya tana zaune a ofis mai sanyi, ga kujera mai juyawa, ga katuna jere, kullum in ta ciro kati sai ta tuna wadda ta fi ta iya jera su. Sau da yawa ta shirya magana a hanya, in ta iso gida sai ta haɗiye.

Ranar wata Asabar ta biya shagon. Ta tarar da Auta a kujerarta ta da, ta rame, tana yi wa wani kwafi, har ta koyi marin injin a gefe. Da mutumin ya tafi, Yaya ta zauna a benci, wurin masu neman taimako. Ta yi gyaran murya ta ce wai ta ji ana neman ma'aikata a wani sabon wuri, Auta ta buɗe takardar nan tata su sake duba ta, akwai abubuwan da ya kamata a gyara, maganar katunan nan ma a ɗago da ita sama.

Auta ta girgiza kai tana ɗan murmushi. Ta ce ta daina kaiwa, ragowar kwafin ma bayansu take amfani da shi wajen gwajin inji.

Yaya ta ce ta buɗe dai, gyaran ba zai ɗau lokaci ba.

"Yaya, bar wahalar da kanki," in ji Auta. "Duk unguwar nan wa kika taɓa rubuta wa bai samu ba? Takardar da ta fito daga hannunki ba ta da laifi. Ni ce dai ban isa ba, kuma na haƙura."

Ta faɗe shi ne ba fushi, ba zargi, kamar mai faɗin abin da ta daɗe da yarda da shi. Sai ga wani saurayi ya leƙo da takardu a hannu yana tambaya ko nan ne ake rubuta sibi. Auta ta ce nan ne, ta dubi yayarta da ladabi, ta ce ta ɗan matsa masa ya zauna.