Kokon Suweiba da Takardar Gafaru

Da Allah ya karɓi ran maigidana, Malam Issah, na shiga takaba a ɗakinmu na unguwar Nima a Accra. Mutane sun zo gaisuwa ranar uku, sun zo ranar bakwai, daga nan ƙafa ta ɗauke. Suweiba mai koko ce kaɗai ba ta ɗauke tata ba. Kullum bayan sallar asuba sai in ji an ajiye kwanon koko a bakin ƙofa, an rufe shi da faranti, ƙosai uku a kai. Ba ta ƙwanƙwasawa, ba ta jiran godiya. Haka ta yi wata huɗu da kwana goma. Kuma ko sau ɗaya ba ta zuba mini sukari ba, don ta lura tun maigidan yana da rai ba na so.

Suweiba ba haihuwar Accra ba ce. Daga wani ƙauye kusa da Walewale ta zo tana budurwa, ta yi dako a kasuwar Agbogbloshie, daro a ka, doya da albasa, har gashin tsakiyar kanta ya zube. Wata tsohuwa 'yar Maraɗi ce ta ɗauke ta wanke-wanke, a wurinta ta koyi koko. Da tsohuwar ta rasu, tukunya da ludayi suka zama nata, ta kafa tebur a bakin lungunmu kusa da masallaci. Shekara ashirin da wani abu ke nan.

Na sha zama ina kallon aikinta. Gero sai ya kwana biyu a ruwa. Ta wanke, ta kai niƙa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ta tace da ƙyalle sau biyu, ta bar gasara ta kwanta har tsaminta ya zo da kansa. Ba ta duba agogo. Buɗe murfi take yi ta sunsuna. In ta ce bai yi ba, to bai yi ba, ko da layi ya kai bakin titi. Ta san direban trotro, motar haya, da ke son nasa da kauri, ta san tsohon da likita ya hana sukari, ko ya roƙa ba ta ba shi. Kowane azumi ita masallacinmu ke ba kokon buɗa-baki, kuma wannan shi ne abin da take taƙama da shi a duniya. Ba ta da gida, ba ta je Makka ba. Sunanta ne dukiyarta.

Shekarar da annoba ta sa aka rufe gari, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta tashi, amma hancinta bai tashi ba, ba ta jin ƙanshi ko wari, harshenta ma ya dushe. Ba wanda ta faɗa wa sai ni. Hannunta ya riga ya san gwargwadon komai, don haka koko bai canza ba, ba kuma wanda ya gane.

Sai ga Gafaru, ɗan ƙaninta, mutum mai shekara talatin da baki kamar rediyo. Ya taɓa sayar da takalma, ya taɓa kiwon kaji, kowanne ya bar shi a rabi. Wata ƙungiya ta yi wa masu ƙananan sana'o'i bita ta kwana uku a wata makaranta a unguwar Maamobi, ya ja Suweiba suka je. Suka dawo da takarda mai tambaya goma, wai halayen 'yan kasuwar da suka yi nasara, kowa ya auna kansa. Ita ba ta yi boko ba, ni kuwa na tsaya a aji shida, shi ya sa ta kawo mini in karanta mata. Gafaru ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa.

Na karanta ina juya mata da Hausa. "Kina iya ɗaukar kasada?"

Ta ce, "Kasada da abincin mutane, Yaya Luba?"

Gafaru ya ce, "Ki sa mata a'a."

"Kina iya barin wani ya yi aikin, ke ki tsaya kina ba da umarni?"

"Wa zai tace mini gasara?"

"A'a ke nan," in ji Gafaru. "Anti, kin gani? Shekara ashirin tebur ɗaya, benci ɗaya. Ko bencin ya gaji da ke."

Biyu ta ci cikin goma, naci da tashi da wuri. Gafaru ya ci tara, shi ya ba kansa. Na juya takardar gaba da baya ina neman inda aka tambayi ko mutum ya san aikinsa, ko ya taɓa zubar da abin da ya lalace maimakon ya sayar. Ban gani ba. Wataƙila waɗanda suka rubuta sun ɗauka wannan kowa ya sani. Suweiba ta karɓi takardarta ta naɗe a bakin zane, ta ce, "Ashe ni jaka ce mai ɗaukar kaya, ban sani ba." Ta yi dariya, amma ban ji daɗin dariyar ba.

Ba a yi wata biyu ba Gafaru ya karɓi aikin kokon daga hannunta. Za a riƙa busar da gasara a mai da ita gari, a ƙulla a leda mai hoton Suweiba da ɗankwalinta, a kai shaguna har unguwar Madina. Ita kuma ta huta, ta dama na safe daga garin nan.

Hanyata ta zuwa islamiyyar matan aure ta bayan gidansu take, ta gefen babbar kwatar Nima. A nan na ga inda ake shanya. An shimfiɗa baƙar leda a ƙasa, taku biyar daga ruwan da kowa ya san abin da ke cikinsa, gasara a baje a kai, ƙudaje sun rufe ta kamar an yayyafa kanumfari. Kaza ta bi ta kai ta bar sawunta. Geron ma na gani a buhu: wanda ruwan sama ya taɓa ne, ya yi baƙi-baƙi, irin wanda ake sayarwa da araha don dabbobi. Kwana ɗaya yake jiƙa shi, sannan ya zuba ruwan tsamiya don ya yi kamar ya yi tsami. Na tsaya ina toshe hanci da mayafi. Gafaru ya hango ni ya ce, "Mma Luba, kin ga kamfani? Rana kyauta ce, Allah ya ba mu!"

Na wuce islamiyya. Washegari na sayi koko, na kurɓa sau ɗaya, warin rima ya tsaya mini a maƙogwaro. Suweiba ta dube ni ta ce, "Yaya?" Sabon mayafi ne a kafaɗarta, Gafaru ya saya mata, fuskarta cike da murna, karo na farko a rayuwarta tana barci har kiran asuba. Na ce, "Alhamdu lillahi." Na koma gida na zuba wa akuyar maƙwabta. Haka na riƙa yi kusan wata uku: in saya, in gode wa Allah a gabanta, in zubar a bayanta. Ina ce wa kaina ba kyau shiga tsakanin mutum da jininsa. Layi yana raguwa, Gafaru yana ce mata tsadar rayuwa ce.

Ranar farko ta azumi aka kai bokiti biyu masallaci. Ina ɓangaren mata, labule ne kawai tsakaninmu da maza, Suweiba tana gefena. Aka kira magariba, aka ci dabino, aka ɗaga kofuna. Sannan muka ji muryar Malam Sayibu ladan, tsohon da ya sha kokonta tun tana budurwa: "Jama'a, Suweiba ta rasu ne ba a sanar da mu ba? Wa ya dama wannan?" Wani ya yi dariya, wani ya fita ya tofar. Suweiba ta ɗaga nata kofin ta kurɓa, ta sake kurɓa, ba ta ji komai ba. Ta juyo ta dube ni. Kofina yana gabana, ban taɓa shi ba.

Kashegari masallaci ya ba wata mata daga Maamobi aikin. Gafaru bai kai sallah a gidan ba. Yanzu kayan waya yake sayarwa a Madina, kuma na ji ƙungiyar nan ta gayyace shi ya yi wa matasa magana a kan yadda ɗan kasuwa ba ya tsoron faɗuwa. Ai kuwa ba zai ji tsoro ba, tunda ba da sunansa ya faɗi ba. Ledojin da suka rage, masu hoton fuskarta, har yau in ruwa ya yi yawa sukan taso a kwata.

Suweiba ta koma jiƙa geronta kwana biyu, tana tacewa da hannunta. Kokon ya dawo yadda yake, na ɗanɗana, amma layin bai kai rabin na da ba, masallaci kuma bai sake aiko mata ba. Tana gaishe ni, tana zuba mini ba sukari. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba.

Ranar da ta faɗa mini hancinta ya mutu, a ɗakina muke, ta rufe ƙofa da kanta. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya Luba, ke ba ki da surutu, shi ya sa na zo wurinki. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da kika ji kokona ya canza, don Allah ki faɗa mini kafin mutanen waje su faɗa."